Ɗana gwanin iyo ne a teku: in sa shi kulob ɗin gasa?

Wani uba da ke zaune a wani gari na bakin teku ya rubuto cewa ɗansa mai shekara 10 ya taso yana iyo a teku har ya yi wa sa'o'insa fintinkau. Kocin wani kulob ɗin ninƙaya ya gan shi, ya ce a kawo shi, zai sa shi a gasar zakarun yara ta yankinsu nan da wata huɗu. Uban yana so ya san yadda ake gane kulob na kirki, da yadda irin wannan gasa take gudana, da kuma ko bai yi wa yaron wuri ba.

Malam, Allah ya raya maka shi, ya yi masa albarka. Na daɗe ina horar da yara ninƙaya, na kuma sha tsayawa bakin kwamin ninƙaya a matsayin alƙalin gasa, don haka zan gaya maka abin da idona ya gani. Ka kai shi kulob, shekara 10 ba ta yi wuri ba ko kaɗan. Amma maganar gasar zakaru nan da wata huɗu, ka ɗan ja mata birki har sai ka ji abin da ke gaban yaron.

Iyon teku daban, iyon gasa daban, ko da yake duka cikin ruwa ake yin su. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, abin da ya sa ya fi ruwan daɗi nauyi da kusan kashi 2.5 cikin ɗari. A takarda ba wani abu ba ne, amma jiki ya san bambancin. Teku yana tallafar mutum, ya ɗaga masa ƙugu da ƙafafu sama. Shi ya sa ma hukumar wasannin ruwa ta duniya, wadda aka kafa a Landan a 1908 da sunan FINA, ta koma World Aquatics a ƙarshen 2022, ba ta amincewa da tarihin gudu na duniya da aka kafa cikin ruwan teku. Ranar farko da yaron teku ya faɗa kwamin ruwan daɗi, sai ya ji kamar an ɗaura masa dutse a ƙafa.

Na tuna wani yaro ɗan shekara 11 da aka taɓa kawo mini, wanda duk unguwarsu ta san shi da iya ruwa. Na ce ya yi mini mita 50 in gani. Ya faɗa ruwa ba ko ɗar, hannu kamar injin, amma kansa a sama tun daga farko har ƙarshe, yana waiwaye dama da hagu, bakinsa a buɗe. Ba laifinsa ba ne. A teku dole ka ɗaga kai ka ga igiyar ruwan da ke tahowa, ka ga inda gaɓa take. To amma jikin mutum a ruwa kamar sikeli yake: kai ya yi sama, ƙafa ta yi ƙasa. Ruwa kuwa ya fi iska kauri kusan sau 800, saboda haka ƙafar da ta nutse ta zama birki. A layin da ke kusa da shi akwai wata yarinya 'yar shekara 9, siririya, wadda ba ta da rabin ƙarfinsa. Ta sa fuska cikin ruwa, ta miƙe sambal kamar kibiya, tana juya kai gefe ta shaƙi iska kaɗan ta mayar. Ta taɓa bango ta juyo tana jiransa. Ya fito yana haki, idonsa ya cika da hawaye, ya ce mini ruwan nan ba shi da kyau. Sai da muka yi wata uku muna abu ɗaya: fitar da numfashi ta hanci a ƙarƙashin ruwa, da kallon baƙin layin da ke ƙasan kwami. Ranar da ya yarda ya saki wuyansa, sakan bakwai suka zube daga lokacinsa ba tare da ya ƙara ƙarfi ko kaɗan ba.

Kada wannan ya sa ka raina abin da teku ya ba ɗanka. Ya ba shi abin da koci ba ya iya koyarwa da baki. Ba ya tsoron ruwa, tafin hannunsa ya san yadda ake kama ruwa a tura shi baya, kuma idan ya shaƙi ruwa ba ya ruɗewa. Yaran da suka fara a kwami kan yi shekaru kafin su sami wannan natsuwa. Hanyar ma a buɗe take ta kowane ɓangare: Usama Mellouli na Tunisiya ya ci zinare a mita 1500 cikin kwami a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, sannan ya ci na kilomita 10 a buɗaɗɗen ruwa a Landan a 2012. Abin da ya rage wa ɗanka shi ne gyaran salo, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Salon gasa huɗu ne, kuma mai yiwuwa ɗaya kawai ya sani. Akwai salon ganin dama, inda doka ta bar kowa ya yi yadda yake so, amma kowa rub-da-ciki yake yi yana jefa hannu ɗaya bayan ɗaya saboda shi ya fi sauri. Akwai iyon rigingine. Akwai iyon kwaɗo, wanda ya fi kowanne tarin dokoki. Sai salon malam-buɗe-littafi, inda ake wurgo hannu biyu tare ta saman ruwa, ƙafafu a haɗe suna kaɗawa kamar wutsiyar kifi. Daga iyon kwaɗo ya samo asali, aka raba su a 1952, ya shiga Olamfik da kansa a Melbon a 1956. Ban da waɗannan akwai tsalle daga kan dakalin tashi da ke bakin kwami, da juyi a bango, da miƙewa ƙarƙashin ruwa bayan an tunkuɗi bango. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da teku ke koyarwa, domin teku ba shi da bango, alhali a gasar yara sau da yawa a nan ake cin tsere ko a faɗi.

Game da zaɓen kulob, gani ya kori ji. Kada ka tsaya a kan kofunan da aka jera a ofis. Ka nemi izini ka zauna ka kalli atisaye sau biyu ko uku, kuma idan aka hana iyaye kallo ba tare da dalili mai gamsarwa ba, ka riga ka sami amsarka. Idan ka zauna, ka bar layin gwanaye, ka zuba ido kan layin da ya fi kowanne rashin sauri. Akwai wanda ke kula da su? Koci ya san sunayensu? Yana durƙusawa bakin kwami ya gyara wa yaro hannu, ko kuwa yana tsaye da agogo yana kirga zagaye kawai? Kulob ɗin da ke kula da na baya zai kula da ɗanka ranar da zai zama na baya, kuma ranar tana zuwa, domin babu ɗan ninƙayar da ba ya shiga lokacin da saurinsa ke ƙin ƙaruwa. Ka lura kuma ko ana koya wa ƙanana duka salo huɗu. Kocin da ya ga yaro yana da sauri a salo ɗaya ya liƙa masa shi tun yana shekara 10 don ya tara wa kulob maki, ya cuci yaron, domin babu wanda ya san irin jikin da balaga za ta ba shi. Na ga masu iyon rigingine da suka koma gwanayen iyon kwaɗo bayan sun yi tsawo.

Ka tambayi takardar shaidar koci ta horarwa da ta ceton rai, ka tambaya ko kulob ɗin yana da rajista da hukumar ninƙaya ta ƙasa, don lokutan da yaro ya yi a gasa su shiga kundi. Ka duba ruwan: daga bakin kwami ya kamata ka hango ƙasansa tar a wuri mafi zurfi. Ka nemi a rubuta maka duk abin da za ka riƙa biya, har da kuɗin shiga gasa da na tafiya, don kada abin ya zo maka ba shiri. Sai maganar da ba na son iyaye su ji nauyin yi: amanar jikin yaro. Wasa ne da ake yi da ƙananan tufafi, ana canza kaya, ana tafiye-tafiye ana kwana. Kulob na kirki yana da doka a rubuce cewa babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, ba a shiga da waya ɗakin canza kaya, koci ba ya tura wa yaro saƙo ba da sanin iyaye ba, kuma akwai wanda aka ɗora wa alhakin karɓar ƙorafi. Kocin kirki yana murna da wannan tambaya. Wanda ya ɓata rai saboda ka yi ta, ɗauki ɗanka ka yi gaba.

Abu ɗaya kuma da zan ja kunnenka a kai, musamman ga yaran teku masu alfahari da nutso: gasar riƙe numfashi. Idan yaro ya yi ta jan numfashi da sauri kafin ya nutse, yana korar iskar da ke sa jiki ya ji buƙatar numfashi, sai iskar da ƙwaƙwalwa ke rayuwa da ita ta ƙare bai ji alama ba, ya suma a ƙasan ruwa shiru, ba ihu ba fafutuka. Gwanaye abin ya fi kashewa. Duk kocin da ka ga yana sa yara gasar wa zai fi nisa ba numfashi, bai san aikinsa ba.

Yawan atisaye kuwa, a ra'ayina sau uku zuwa huɗu a mako, kimanin awa ɗaya kowanne, ya ishi ɗan shekara 10, kuma ya ci gaba da ƙwallo da guje-guje da wasan teku. Atisayen asuba da na yamma a rana ɗaya na matasan da suka balaga ne kuma suka zaɓi wasan da kansu. Kafaɗa ita ce ke fara kuka idan aka yi wa yaro lodi da salo mara kyau, domin hannu yana juyawa sau dubbai a kowane zama. Ciwon kafaɗar da ya kwana biyu bai tafi ba, a tsaya a duba.

Za ka ji ana ba da misali da Michael Phelps da ya je Olamfik ta Sidni a 2000 yana shekara 15, da Katie Ledecky da ta ci zinaren mita 800 a Landan a 2012 ita ma tana 15. Gaskiya ne, amma irinsu ɗaiɗai ne a duniya, kuma ba a yi wa yaro awo da su. Abin da na fi gani shekara da shekaru shi ne zakaran 'yan shekara 11 yawanci yaro ne da ya riga sa'o'insa girma. Ana raba yara rukuni-rukuni bisa shekaru, wasu hukumomi na lissafi da shekarun yaro a ranar 31 ga Disamba, wasu da ranar fara gasa. Inda ake bin ƙarshen shekara, wanda aka haifa a Janairu ya girmi na Disamba da kusan shekara guda alhali rukuninsu ɗaya, kuma a wannan tsakanin shekara guda tsawo ne da ƙarfi masu yawa. Idan sun kai 15 ko 16 yawancinsu sun kusa gama miƙewa, sai ƙarfi ya fara daidaita, a bar salo da naci su yi hukunci. A nan ne wanda aka saba yi wa tafi saboda girman jiki yakan karaya ya bar wasan, wanda ya sha zuwa na shida yana gyara juyinsa ya wuce gaba. Abin yana ba ni takaici duk lokacin da na ga an ƙona yaro mai baiwa saboda kofin da ba wanda zai tuna da shi bayan shekara uku.

Yanzu ga yadda gasar take. Gasar zakaru ba a shiga ta haka kawai. Yawanci ana fitar da lokacin cancanta ga kowane tsere da kowane rukuni, kuma sai yaro ya yi wannan lokaci a wata gasa da hukuma ta amince da ita cikin wani wa'adi. Lokacin da koci ya ɗauka da agogonsa a atisaye ba ya shiga lissafi. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa kocin nan ita ce: a wace gasa yaron zai samo lokacin cancanta kafin wata huɗu? Idan gasar tasu ta buɗe ce ga kowa, to da sauƙi, amma ka sani. Ka kuma tambayi tsawon kwamin. Akwai na mita 25, akwai na mita 50 irin na Olamfik, a Amurka kuma makarantu sun fi amfani da na yadi 25, wanda bai kai mita 23 ba. Tseren mita 100 a ƙaramin kwami juyi uku ne, a babba juyi ɗaya, kuma kowane juyi tunkuɗa ce da ɗan hutu. Don haka lokacin ƙaramin kwami ya fi sauri, kuma ba a haɗa su a kwatanta. Iyaye da yawa kan ɗauka ɗansu ya koma baya ranar farko da ya shiga babban kwami, alhali bango ne ya yi masa nisa.

Ranar gasa doguwa ce. Ana isa da sassafe a motsa jini cikin kwamin da ya cika maƙil da yara, sannan a zauna jira, wani lokaci awa uku saboda tseren da bai kai minti ɗaya ba. A ƙananan gasa kowa sau ɗaya yake iyo, ana sakin yaran kashi-kashi gwargwadon yawan layukan kwami, sannan a jera lokutan kowa a fitar da na ɗaya, don haka yaro zai iya riga waɗanda suka tashi tare ya tarar shi ne na goma sha biyu a jimla. Ka gaya masa wannan tun a gida. A manyan gasa akwai zagayen share fage da safe, sai na ƙarshe da yamma. Rabon layi ma da tsarinsa: a kwami mai layi takwas wanda ya fi sauri yana layi na 4, na biyu a na 5, sai 3, 6, 2, 7, 1, na ƙarshe a layi na 8. Yara suna gane wannan da wuri, sai wanda aka ba layin gefe ya sare tun kafin a fara. Ni nakan ba su labarin Ahmed Hafnaoui, ɗan Tunisiya mai shekara 18, wanda ya shiga zagayen ƙarshe na mita 400 a Olamfik ta Tokyo a 2021 a matsayin na takwas, aka ba shi layi na 8, ya kuma ɗauke zinaren.

Wajen tashi, alƙali zai busa usur gajere-gajere, alamar a shirya. Sai dogon usur, a hau dakali. Mai ba da umarnin tashi ya ce a ɗauki matsayi, kowa ya sunkuya ya tsaya cak, sannan ƙara ta tashi. Wanda ya riga ƙarar tashi an soke shi, babu dama ta biyu. A gefen kwami da kowane ƙarshensa akwai alƙalai masu duba salo da juyi. A salon ganin dama da rigingine da malam-buɗe-littafi, dole kai ya ɓullo saman ruwa kafin mita 15 bayan tashi ko juyi. Mai rigingine dole ya ƙare a rigingine, kuma tutocin da aka rataya mita 5 kafin bango su ne idonsa, daga nan yake ƙirga hannu. A iyon kwaɗo da malam-buɗe-littafi dole a taɓa bango da hannu biyu a lokaci guda. A tseren gauraye na mutum ɗaya ana farawa da malam-buɗe-littafi, sai rigingine, sai kwaɗo, sai ganin dama. A na karɓa-karɓa na mutum huɗu kuwa rigingine ne farko, tunda mai yin sa daga cikin ruwa yake tashi, kuma wanda ƙafarsa ta bar dakali kafin abokinsa ya taɓa bango ya jawo wa su huɗun duka sokewa.

Sokewar nan ita ce abin da ya fi ƙona zuciyar iyaye, don haka bari in daɗe a kanta. Na taɓa tsayawa alƙalin juyi a tseren mita 50 na iyon kwaɗo na 'yan mata 'yan shekara 10. Wata yarinya ta taho gaba da kowa da tazarar jiki guda. Da ta iso bango, hannun dama ya taɓa, na hagu ya biyo baya da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido biyu ba, amma na gani sarai, ina tsaye a kanta. Ta ɗago ta kalli allo, ta ga lamba ɗaya a gaban layinta, ta ɗaga wa mahaifiyarta hannu. Ni kuwa ina rubuta takardar rahoto, hannuna ya yi nauyi. Da sakamako ya fito babu lokacinta, uwar ta sauko tana cewa yarinya ce ƙarama, a yi mata afuwa. Na fahimce ta ƙwarai. Amma da na kau da kai ranar, da yarinyar ta tafi da kuskuren har zuwa gasar da ta fi wannan girma, kuma da na zalunci ta biyun da ta taɓa da hannu biyu. Kocinta ya yi abin da ya dace: ya karɓi takardar, ya zaunar da ita, ya nuna mata a bango da hannunsa. Bayan wata biyu na sake ganinta, ta doki bangon nan da tafi biyu har ruwa ya fantsamo mini a wando. Kusan kowane ɗan ninƙaya an taɓa soke shi. Idan abin ya zo kan ɗanka, kada ka nufi alƙali. Koci ko jagoran tawaga ne ke da hurumin tambaya, kuma idan akwai ƙorafi a rubuce ake shigar da shi, bisa dokar duniya cikin minti 30 bayan tseren.

Lokaci kuwa ana auna shi har zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na sakan. A manyan gasa akwai faifan lantarki a jikin bango wanda sai an danna shi da ɗan ƙarfi yake tsayar da agogo. Shafa a hankali ba ta isa. Inda babu shi, akan sa masu agogo uku a layi a ɗauki lokacin tsakiya. A Olamfik ta Seoul a 1988, Matt Biondi na Amurka yana gaba a mita 100 na malam-buɗe-littafi, ya iso bango tsakanin bugun hannu biyu sai ya zaɓi ya sulale ya taɓa. Anthony Nesty na Suriname ya ƙara bugu ɗaya. Nesty 53.00, Biondi 53.01. Shi ya sa nake hana yarana sassautawa a mita biyar na ƙarshe ko da a atisaye ne.

Naka aikin ranar gasa kaɗan ne amma babba. Ka tabbatar ya yi barci, ya zo da tabarau na ruwa guda biyu don igiyar ɗaya kan tsinke a daidai lokacin da ba a so, da tawul biyu, da rigar ɗumi da takalmi don jira, da ruwan sha, domin mai iyo yana gumi bai sani ba. Kada ya gwada sabon abu ranar, ko tabarau ko abinci. Kada ka wahalar da kanka da tsadaddun kayan iyo na zamani. An ga aikinsu a gasar duniya ta Rum a 2009, inda aka karya tarihi 43, har aka haramta na roba daga 2010, kuma hukumar ninƙaya ta Amurka ta hana 'yan shekara 12 zuwa ƙasa sa irin na manyan 'yan wasa a yawancin gasanninta tun 2020. Idan ya fito daga ruwa, koci zai fara gani, shi ke da gyara. Kai kuma a hanyar gida ka tambaye shi ko ya ji daɗi, ka bar shi ya kawo maganar lokaci da kansa. Ka sayo ƙaramin littafi ya riƙa rubuta lokutansa da kwanan wata da tsawon kwami, domin da wannan littafin zai riƙa auna kansa, ko ya zo na ɗaya ko na ashirin.

Tunda a bakin teku kuke, akwai abin da kulob ɗinku ya kamata ya yi wanda bai zama dole ga kulob ɗin da ke nesa da teku ba. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Yaron da ya yi shekara biyu a kwami yana cin kofi yakan koma teku da ƙarfin gwiwar da ta fi saninsa, ga abokan kulob da ba su taɓa sanin teku ba suna biye da shi. A yawancin gaɓoɓi akwai wuraren da ruwan da igiya ta turo yake komawa ciki ta wata siririyar hanya da ƙarfi, kuma wurin yakan yi kama da inda ya fi kwanciya, shi ya sa yake yaudara. Ko zakaran duniya ba ya cin wannan ja da ƙarfi. Abin yi shi ne a natsu, a yi lamo a saman ruwa, a ɗaga hannu neman taimako, ko a yi iyo a gicciye ta gefen gaɓa har a fita daga hanyar. A Ostireliya ƙungiyoyin ceton rai na bakin teku suna da shirin yara da suke kira Nippers, inda tun daga shekara 5 ake koya musu karanta igiyar ruwa da tutoci masu ja da rawaya da ke nuna inda masu ceto ke tsaro, kuma yara da yawa suna haɗa shi da kulob ɗin kwami. Ka tambayi kulob ɗinku ko suna da wani abu makamancin haka. Idan kuma suna shirya tsere a teku, ka tambayi jiragen tsaro nawa ne, wa ke ƙirga yara shiga da fita, wa ke da ikon soke tseren idan ruwa ya ɓaci, kuma an auna zafin ruwan. Kwamin gasa ana riƙe shi tsakanin digiri 25 da 28, teku kuwa ba mai riƙe shi. Fran Crippen, ƙwararren ɗan wasan Amurka mai shekara 26, ya rasu a tseren kilomita 10 a Fujaira ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2010 cikin ruwa mai zafi sosai, bayan nan ne aka sa iyakar digiri 31. Ga ɗan shekara 10, gajeren tsere kusa da gaɓa cikin ruwa mai kwanciya ya wadatar.

Da ɗana ne, ga yadda zan yi da wata huɗun nan. Wata biyun farko ba maganar gasa, sai numfashi da miƙewar jiki da iyon rigingine, wanda ke saurin koya wa yaron teku kwantar da kai. A wata na uku ya shiga ƙaramar gasa ta cikin kulob ko tsakanin kulob biyu, mita 50 na ganin dama da mita 50 na rigingine, ya ji ƙarar usur, ya san yadda dakali yake a ƙarƙashin ƙafa idan mutane na kallo. Idan ya sami lokacin cancanta kuma shi da bakinsa ya ce yana so, ya shiga gasar zakarun a tsere ɗaya ko biyu, ko a sa shi cikin 'yan karɓa-karɓa inda nauyin ya rabu huɗu. Idan bai samu ba, ku je tare ku zauna a sama ku kalla, ka nuna masa alƙalan juyi da tutocin mita 5, ka bar shi ya ƙirga bugun hannun wanda ke layi na 4 daga bango zuwa bango, ya rubuta a littafinsa, ya je da shi atisaye ranar Litinin ya gwada nasa.